Sunan Wani, Jirgin Wani: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙananan Kamfanonin da Ke Tashi da Sunan Manya

Mutum zai sayi tikiti a hannun babban kamfanin jiragen sama, ya je filin jirgi, ya ga fenti da tambarin kamfanin a jikin jirgin, ya shiga ya zauna hankali kwance. Bai san cewa matuƙan da ke gaba da masu hidimar da ke yi masa sannu da zuwa, ko ɗayansu ba ma'aikacin wannan kamfani ba ne. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan wannan tsari.

Na sayi tikitin Delta, sai na ga sunan wani kamfani da ban taɓa ji ba a ƙasan lambar jirgin. Wa zai ɗauke ni?

Wancan da ba ka taɓa ji ba, shi ne zai ɗauke ka. Kalmomin da ake bugawa da ƙananan haruffa su ne "operated by", ma'ana wanda zai gudanar da tafiyar, sai sunan kamfanin ya biyo baya: SkyWest, ko Endeavor Air, ko Republic. Delta, ɗaya daga manyan kamfanonin jiragen Amurka, ta sayar maka da kujera, ta karɓi kuɗinka, ta tsara lokacin tashi. Amma lasisin gudanar da zirga-zirga, matuƙa, masu hidima, injiniyoyin da suka duba jirgin da daddare, da ofishin da ya tsara hanyar da za a bi, duk na ɗan kwangila ne.

Sunaye irin su Delta Connection, United Express, American Eagle da Air Canada Express ba kamfanoni ba ne a yau. Riguna ne da babban kamfani ke ɗinka wa duk wanda ya ci kwangila. Abin da ya fi bayyana wannan shi ne rediyo: jirgin da aka yi wa fentin United, idan na Republic ne, masu kula da sararin samaniya da "Brickyard" suke kiran sa. Na PSA kuwa "Blue Streak", ko da an rubuta American a jikinsa da manyan baƙaƙe.

Wane irin ciniki ne a tsakaninsu?

Wanda ya fi yawa, musamman a Amurka da Kanada, shi ne yarjejeniyar sayen kujeru gaba ɗaya. Babban kamfani ya saye duk kujerun jirgin tun kafin a sayar da ko ɗaya, na tsawon shekaru, sau da yawa goma ko fiye. Shi ke zaɓar garuruwan da za a je, shi ke yanke farashi, shi ke talla, kuma kuɗin tikiti kaf aljihunsa suke shiga. Galibi shi ke biyan kuɗin mai da na sauka a filin jirgi. Ɗan kwangila ana biyan sa ne bisa ƙayyadajjen lissafi: kaza a kan kowace sa'ar tafiya, kaza a kan kowane tashi, kaza a kan kowane jirgi a wata. In ya kiyaye lokaci kuma bai yawaita soke tafiya ba, a ƙara masa lada. In ya gaza, a zaftare.

Saboda haka ko jirgin ya cika maƙil, ko fasinja biyar ne a ciki, kuɗin ɗan kwangila ɗaya ne. Ba ruwansa da kasuwa. Hanya ɗaya ce ta rage masa ta samun riba, wato ya yi aikin da kuɗin da bai kai abin da ake biyan sa ba. Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin abin da ke tafe a ƙasa.

Akwai kuma tsarin raba kuɗin tikiti, wanda shi ne na da. A nan ƙaramin kamfani ke ɗaukar kasadar hanyar da kansa, ya riƙe kuɗin fasinjan da ya tsaya a nan, sannan a ba shi kasonsa daga tikitin wanda zai zarce da babban jirgi. SkyWest na yin wannan har yanzu a wasu ƙananan garuruwa.

Na uku hayar suna ne. Ƙaramin kamfani ke biyan babba don ya yi amfani da fentinsa da lambarsa da na'urar sayar da tikitinsa, riba da asara kuma nasa ne. Na huɗu, hayar jirgi tare da ma'aikatansa da gyaransa da inshorarsa, na 'yan watanni ko shekaru, wanda kamfanonin Turai ke yawan yi idan bazara ta zo fasinja suka yi yawa. A wannan ma ba lallai a canja fentin jirgin ba.

Me ya hana babban kamfani ya sayi ƙananan jiragen ya tuƙa da kansa?

Albashi. Ana iya kawo wasu dalilai, kuma akwai gaskiya a cikinsu: garin da ba zai cika jirgi mai kujeru 180 ba zai iya cika mai 70 sau uku a rana, kuma waɗannan fasinjojin su ne ke cika manyan jiragen da ke tashi daga Atlanta ko Chicago zuwa ƙetare. Amma wannan bayani ne na dalilin amfani da ƙaramin jirgi, bai bayyana dalilin miƙa shi ga wani kamfani ba.

Jirgi mai kujeru 50 matuƙa biyu yake buƙata, daidai da mai kujeru 200. Idan aka biya su albashin babban kamfani, kuɗin kowace kujera sai ya yi tsadar da ba za ta sayu ba. Shi ya sa ake kai aikin inda ma'aikata ke da wata yarjejeniyar albashi daban da wani jerin girma daban, wato na shekarun aiki. Kuma idan 'yan kwangila uku ko huɗu na neman aiki ɗaya, babban kamfani sai ya zuba ido su yi ta karya wa juna farashi. Ko kamfanonin da babban ya mallaka ɗari bisa ɗari ba su tsira daga wannan gasa ba. A 2001 matuƙan Comair, wanda mallakar Delta ne, sun yi yajin aiki na kwana 89. Sun sami ƙarin albashi, amma daga nan Delta ta shiga rarraba aikin ga wasu, har ta rufe Comair ɗin a watan Satumba na 2012. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni dai ban ga karin maganar da ta fi dacewa da wannan sana'a ba.

Yaushe aka fara haka?

Ana danganta farkonsa da 1967, lokacin da kamfanin Allegheny ya miƙa wa Henson hanyar garin Hagerstown a jihar Maryland, da sunan Allegheny Commuter. Abin ya bunƙasa bayan dokar 1978 da ta cire hannun gwamnatin Amurka daga tsara hanyoyi da farashi, manyan kamfanoni suka koma tara fasinja a manyan cibiyoyi. American Eagle da Delta Connection sun fara a 1984. Wancan zamanin kusan duk jirage masu farfela ne. Jirgin jet mai kujeru 50 ne ya sauya komai: CRJ na kamfanin Bombardier na Kanada, wanda Lufthansa CityLine ta fara amfani da shi a 1992, Comair ta biyo a 1993, sannan ERJ145 na Embraer daga Birazil 'yan shekaru bayan haka. A shekarun da suka gabaci annobar korona, kusan kashi 40 cikin ɗari na jiragen fasinja da ke tashi a cikin Amurka na waɗannan kamfanoni ne.

Su wane ne manyan 'yan kwangilar a Amurka?

Babbansu SkyWest, wanda aka kafa a 1972 a garin St. George na jihar Utah. Yana da jirage wajen 500, kuma yana yi wa United da Delta da American da Alaska aiki a lokaci guda, wato abokan hamayya huɗu, ɗan kwangila ɗaya. Sai Republic daga jihar Indiana, mai yi wa uku na farko aiki, wanda a 2025 ya ƙulla yarjejeniyar haɗewa da Mesa. American ta mallaki Envoy da PSA da Piedmont. Delta ta mallaki Endeavor. Horizon na rukunin Alaska ne. United ta fi dogara da 'yan waje, ciki har da GoJet da CommuteAir.

Me ya sa kusan dukkansu kujeru 76 ne ko ƙasa da haka? Masu ƙera jirage ne ba su iya yin wanda ya fi haka ba?

Sun iya, har sun yi. Ƙungiyoyin matuƙa ne suka ja layin. A cikin yarjejeniyar da matuƙan American da Delta da United suka yi da kamfanoninsu akwai sharaɗin da ke iyakance aikin da za a iya bai wa ɗan kwangila: kada jirgin ya wuce kujeru 76, kada nauyinsa lokacin tashi ya wuce fam 86,000, kimanin tan 39 ke nan, kuma akwai iyakar adadin irin waɗannan jirage. Dalilinsu a fili yake. In babu wannan shinge, babu abin da zai hana kamfani ya kwashe rabin aikinsu ya kai inda ake biyan rabin albashinsu.

Wannan sharaɗi, wanda ba doka ba ce ta gwamnati, ya fi ƙarfin injiniyoyi. Embraer ta ƙera sabon samfurin jirginta E175 mai suna E2, da injuna masu tsimin mai, amma manyan injunan suka ƙara masa nauyi ya haye layin, sai kamfanin ya jingine aikin ya ci gaba da sayar da tsohon samfurin. Mitsubishi ta Japan ta kwashe fiye da shekara goma tana zuba kuɗi a jirginta SpaceJet, wanda babban samfurinsa shi ma ya wuce nauyin da aka yarda, ga matsalolin samun takardar amincewa. A watan Fabrairu na 2023 ta haƙura. Mafi ban dariya shi ne CRJ550. United ta cika adadin manyan jiragen da aka yarje mata, sai a 2019 aka ɗauki CRJ700 mai ɗaukar mutum 70, aka cire kujeru aka bar 50, aka rage nauyin da aka yi masa rajista, aka sa masa sabon suna. Fasinja dai ya ci riba, don ya sami wurin miƙe ƙafa da wurin ajiye jaka.

Gaskiya ne sun fi haɗari?

Tambayar da kowa ke son yi ke nan, kuma amsarta ta sauya da zamani.

Kafin tsakiyar shekarun 1990, ƙananan jiragen haya a Amurka ƙarƙashin ƙa'idoji masu sauƙi suke aiki. A ranar 31 ga Oktoba 1994 wani jirgi samfurin ATR 72 mai fentin American Eagle ya faɗi a Roselawn ta jihar Indiana bayan ƙanƙara ta taru a fukafukansa, mutum 68 suka rasu. Wannan da wasu haɗurran suka sa hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka ta mayar da jiragen haya masu kujeru goma zuwa sama ƙarƙashin doka ɗaya da manyan kamfanoni, aka kammala sauyin a 1997.

Doka ɗaya a takarda ba ta nufin yanayin aiki ɗaya, kuma haɗarin Buffalo ne ya tona hakan. A daren 12 ga Fabrairu 2009, jirgi mai lamba 3407 ya taso daga Newark zuwa birnin Buffalo da sunan Continental Connection, alhali kamfanin Colgan Air ne ke tuƙa shi. Q400 ne mai farfela. Yana dab da sauka gudunsa ya ragu ba a lura ba, na'urar gargaɗi ta girgiza sitiyari, kyaftin ya ja hancin jirgin sama a inda ya kamata ya tura shi ƙasa. Jirgin ya faɗa kan wani gida a Clarence Center, mutum 49 na ciki da mutum ɗaya a gidan suka mutu. Binciken NTSB, hukumar bincikar haɗurran sufuri ta Amurka, ya nuna kyaftin ɗin ya sha faɗuwa gwajin tuƙi a baya, kuma kamfanin bai san da dukkansu ba. Mataimakiyarsa albashinta na shekara bai wuce dala dubu 16 da 'yan kai ba, tana zaune a yankin Seattle, can ɗaya gefen ƙasar, ta kwana a hanya cikin jiragen dakon kaya kafin ta iso wurin aiki. Da yawa daga iyalan mamatan sun ɗauka 'yan uwansu jirgin Continental suka hau.

Iyalan nan ne suka yi ta zarya Washington har majalisa ta yi dokar 2010. Daga 2013 mataimakin matuƙi sai ya tara sa'o'i 1,500 na tuƙi, a maimakon 250 da ake iya ɗaukar mutum da su a da, sai dai an sassauta wa tsofaffin sojoji zuwa 750, masu digirin tuƙi kuma 1,000. An sabunta ƙa'idojin hutu, an ƙara horo kan yadda ake ceto jirgin da ya rasa ɗagawar iska, an samar da rumbun tarihin matuƙa, an kuma tilasta wa masu sayar da tikiti su nuna sunan kamfanin da zai yi tafiyar.

Bayan Buffalo an yi kusan shekara 16 ba a sami babban haɗari irinsa a kamfanonin fasinja na Amurka ba, sai ranar 29 ga Janairu 2025, da CRJ700 na PSA ya yi karo da helikwaftan soja a saman kogin Potomac, mutum 67 suka rasu. Wannan kuwa batu ne na cunkoson sararin samaniyar Washington da hanyar da helikwaftan ya bi, ba na girman kamfani ba. Makonni kaɗan bayan haka CRJ900 na Endeavor ya kife a Toronto yayin sauka, duka mutum 80 suka fita da rai. A ganina, mai tsoron shiga E175 a yau amma ba ya tsoron Boeing 737, yana riƙe ne da labarin shekaru ashirin da suka wuce.

To dokar sa'o'i 1,500 ta gyara komai ke nan?

Ana ta gardama a kanta har gobe. Masu suka na cewa matuƙan Buffalo dukkansu sun haura sa'o'i 1,500, don haka adadin ba shi ne ciwon ba, kuma zagaye sama a ƙaramin jirgin koyo ba ya koya wa mutum aikin jet. Turai na ɗaukar mataimaka da sa'o'i 200 da ɗoriya bayan horo mai tsauri, kuma jiragenta ba faɗuwa suke yi ba. Ƙungiyoyin matuƙa da iyalan mamata kuma na nuna shekarun da aka yi lafiya.

Abin da ba a musu a kai shi ne tasirinta a kan albashi. Matuƙa suka yi ƙaranci, har Republic ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a 2016 tana kuka da rashin matuƙa. Bayan korona manyan kamfanoni suka shiga kwasar kyaftin-kyaftin daga ƙananan, ɗaruruwan jirage suka zauna a ƙasa babu mai tuƙawa. A watan Yuni na 2022 kamfanonin da American ta mallaka suka ɗaga albashin sabon mataimaki zuwa wajen dala 90 a sa'a, sauran suka bi ba don suna so ba. Da albashi ya tashi, jirgi mai kujeru 50 ya daina biyan kansa a hanyoyi da yawa, ƙananan garuruwa da dama suka rasa jirgi ko aka rage musu. Wasu tallafin gwamnati ne kawai ke riƙe da su, ƙarƙashin wani shiri da aka kafa tun 1978.

An soke tafiyata, ko jakata ta ɓace. Wa zan kama?

Fara da wanda ya sayar maka da tikiti. A tsarin sayen kujeru shi ke canja maka jirgi, shi ke mayar da kuɗi, ƙa'idojinsa na kaya ne ke aiki, kuma makin tafiye-tafiyenka a wurinsa yake taruwa. Sau da yawa ma shi ke yanke shawarar sokewa: idan yanayi ya ɓaci aka ce a rage tashi, ya fi masa sauƙi ya soke mai ɗauke da mutum 50 da ya soke mai 200, sai laifin ya hau kan alƙaluman ɗan kwangila.

A tafiyar ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba fasinja damar neman haƙƙinsa daga wanda ya ƙulla cinikin da shi ko daga wanda ya yi jigilar. A Tarayyar Turai, dokar 261 ta 2004 ta ɗora diyyar yuro 250 zuwa 600 a kan kamfanin da ke gudanar da tafiyar, amma a 2018 kotun Turai ta yanke cewa idan hayar jirgi da ma'aikata aka yi, wanda ya yi hayar kuma ya tsara tafiyar shi ne zai biya.

Suna kuwa, wanda ke jikin jirgi shi ke shan kunya. A watan Afrilu na 2017 da jami'an tsaro suka jawo wani fasinja a ƙasa daga jirgin Chicago zuwa Louisville, jirgin da ma'aikatansa na Republic ne, amma United duniya ta zaga, shugabanta ne kuma ya fito ya ba da haƙuri.

Me ya sa aka karɓe jakar hannuna a ƙofar jirgi?

Ma'ajiyar saman kujera a CRJ200 da ERJ145 ƙarama ce, ba ta ɗaukar jaka mai taya. Za a maƙala mata takarda, a sa ta a cikin ɗakin kaya, galibi a miƙo maka a bakin jirgi idan an sauka. Cire magani da takardu da duk na'ura mai batirin litiyam kafin ka miƙa. E175 ya fi yalwa, kuma kujerunsa bibbiyu ne kowane gefe, babu ta tsakiya.

A Amurka kaɗai ake yin wannan?

A'a, sai dai can ne ya fi girma. A Kanada, Jazz ke yin yawancin aikin Air Canada Express. A Turai manyan sun fi son mallakar ƙananan: KLM Cityhopper na tuƙa Embraer har da E195-E2 mai kujeru sama da 130, girman da ba zai yiwu ga ɗan kwangilar Amurka ba, BA CityFlyer na aiki daga ƙaramin filin jirgin London City, Air Dolomiti ta Italiya mallakar Lufthansa ce. Air Nostrum ta birnin Valencia kuwa mai zaman kanta ce, tana ɗauke da sunan Iberia Regional tun 1997. Emerald Airlines ta karɓi Aer Lingus Regional a 2022 da jiragen ATR 72, bayan Stobart Air ta durƙushe a 2021. A Ostareliya akwai QantasLink.

Afirka ta Kudu ta ga fuskoki biyu na hayar suna. Wani Comair ɗin daban, ba na Amurka ba, ya yi ta tashi da fentin British Airways daga 1996 har ya rushe a 2022. Airlink kuwa ya yi shekaru sama da ashirin a inuwar South African Airways, da babban ya shiga matsalar kuɗi sai ya raba gari da shi a 2020, ya koma sunansa da lambarsa, ya kuma ƙara girma.

Me ke faruwa da ɗan kwangila idan babban kamfani ya ce ya gode?

Yawanci rufewa. Kayan aro ba ya rufe katara: ba shi da fasinjan kansa, ba shi da ofishin sayar da tikiti, jama'a ba su san sunansa ba, kuma sau da yawa jiragen ma na babban kamfanin ne, sai a kwashe a miƙa wa wani ya ci gaba da tuƙawa da fenti ɗaya. A 2020 kaɗai Trans States da Compass da ExpressJet suka daina aiki. Ma'aikata su suka fi jin jiki, domin girma a wannan sana'a ba ya bin mutum zuwa sabon kamfani. Kyaftin mai shekara 15 zai koma ƙasan jeri kamar wanda ya zo jiya.

Wasu sun gwada tsayawa da ƙafarsu. Atlantic Coast ta bar United a 2004 ta zama Independence Air a filin jirgin Dulles da ke kusa da Washington, tana sayar da tikiti mai araha a jirage masu kujeru 50, waɗanda su ne mafi tsadar gudanarwa a kan kowace kujera. Ta rufe a watan Janairu na 2006. ExpressJet, wadda a da take cikin mafiya girma a duniya a wannan fanni, ta dawo a ƙarshen 2021 da 'yan jirage daga birnin Reno da sunan aha!, ta shigar da takardar fatara a watan Agusta na 2022.